Mutum Biyu Suka Bi Tuli

Yayana Mokhles ne ya kawo maganar tafiya Cox's Bazar, garin bakin teku, ranar da muka gama rabon naman layya. Yana zaune a tsakar gida, hannunsa duk maiƙo, ya dubi Umma ya ce shi dai ba zai yarda ta bar duniya ba ta ga teku ba.

"Sannu mai riƙe da ran mutane," in ji Umma. "Ruwan da ya cinye mana gida har sau biyu bai ishe ni kallo ba?"

Da gaskiyarta. Mu mutanen Sirajganj ne, a bakin Jamuna aka haife mu, kogin da kan kwana a wurinsa ya wayi gari a gonar wani. Yaya Mokhles a cikinsa ya girma. Yana saurayi ya sha ƙetare reshen kogin da iyo a tsakiyar damina, kuma ko da ya ajiye tumbi ya zama mai gyaran injin ban ruwa, in yaro ya faɗa ruwa a unguwarmu sunansa ake fara kira. Mutum ne mai surutu da son tsokana. In ya ƙulla abu a ransa, zai yi ta maimaita shi har sai kowa ya gaji ya ce to.

Mu biyar muka tafi: shi, matarsa Josna, 'yarsu tilo Tuli mai shekara tara, Umma, sai ni Morsheda. Mijina na aiki a Malesiya, makarantar da nake koyarwa kuma ana hutu, babu abin da zai zaunar da ni.

Masaukin da muka sauka ƙarami ne, a bayan manyan otal-otal ɗin da ke kallon ruwa. A ɗakin da ke jikin namu akwai ango da amarya, mabiya addinin Hindu ne daga garin Narsingdi. Sunan angon Protik, dogo siriri mai tabarau, yana aiki a wani kantin magani. Amaryar, Mitali, ba za ta wuce ashirin ba. Jan garin da matan auren Hindu kan sa a tsagar gashi, nata a cike yake fal irin na sabon shiga, awarwaronta fari da ja suna ƙara duk inda ta motsa. Tuli ce ta fara saba da su. Kafin mu gama sauke kaya ta dawo da alawar madara a hannu biyu, wai ta shagon baban Protik ce.

Yaya Mokhles bai bar su sun huta ba. Da safe sai ya ƙwanƙwasa musu ƙofa yana cewa, "Ango, a fito a ga rana mana. Teku ka biya kuɗin mota ka zo gani, ko bango?"

Protik ya leƙo yana gyara tabarau. "Yaya, ai kai ma da iyali ka zo."

"Ni nawa angoncin ya tsufa, ko kallona ba a yi. Tambayi Josna."

"Wa zai kalle ka, kana nan kamar buhun shinkafa," in ji Anti Josna daga cikin ɗaki. Mitali ta rufe baki da gefen sari, dogon zanen da matanmu ke naɗawa, tana dariya.

Ranar farko lafiya muka yi. Umma ta tsaya a yashi ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ruwan da ba a hango ɗaya gaɓar tasa ba ta ga amfaninsa ba. Amma ta yarda ta tsoma ƙafa, ta ɗebo ta ɗanɗana, ta tofar. Muka ci soyayyen kifi da ƙaguwa, muka sha ruwan kwakwa, mai hoto ya bi mu har sai da muka tsaya masa.

Washegari gari ya tashi da hadari. Iska na kaɗawa, tekun ya yi launin toka, ƙararsa tun daga titi ake ji. An kafa jajayen tutoci a yashi, masu ceto na kai da kawowa suna busa usur. Amma hutun Sallah ne. Mutane dubbai ne a cikin ruwan, maza da mata da jarirai, har da tsofaffi masu riƙe da sanda. Duk wanda aka busa wa usur sai ya matso baya taku biyu, in mai usur ya wuce ya koma. Babu wanda ya yi nisa. Kowa iya gwiwa yake, ko iya ƙugu, kuma kowa na ganin in da haɗari ai ba za a bar wannan jama'a haka ba. Mu ma haka muka gani.

Umma ta zauna a kujerar haya ƙarƙashin laima, muka tara mata takalma da wayoyi. Tuli ta ga yara a kan robar cikin taya da aka hura, irin wadda ake bayarwa haya, ta kafe sai an karɓo mata.

"Ba za ki hau ba," in ji uwarta. "Ba ki ga yadda ruwan yake ba?"

"Abba, ka ji Mama ko."

"Bar ta ta hau," in ji Yaya. "Ina riƙe da ita. Ga can wurin da ya lafa, can za mu."

Ya nuna wani wuri a gefen dama. Ko'ina igiyar ruwa na tasowa tana fashewa da kumfa, amma nan shiru, ruwan ya kwanta, ya ɗan fi sauran duhu. A kogi irin wurin nan ake kai yara. Can muka nufa, mu da wasu iyalai da yawa masu ƙananan yara. Protik da Mitali na gabanmu kaɗan, riƙe da hannun juna.

Ban san tsawon lokacin da muka yi ba. Na dai tuna yashin ƙarƙashin ƙafata yana zarewa duk sa'ad da ruwa ya koma, kamar ana jan tabarma. Sai wata igiya ta zo ta gefe, ba ta fi sauran girma sosai ba, ta kwashe ƙafafun Anti Josna. Ta faɗi, sari ya naɗe ta, kanta ya nutse. Yaya ya saki robar ya sa hannu biyu ya ɗago ta. Duk abin bai fi ƙiftawar ido ba. Tana tari yana yi mata dariya, sai ya juya.

Tuli ta yi nisan da ba za a miƙa hannu a kamo ta ba. Ba ta ma tsorata ba tukuna, tana ɗago mana hannu. Robar na tafiya a miƙe, ba sauri ba tsayawa, kamar wani na janta da igiya daga can ciki.

Protik ne ya fi kusa. Na ga ya zare hannunsa daga na Mitali ya yi taku uku ko huɗu, ruwan na iya ƙirjinsa, sai kawai ya ɓace, ya sake ɓullowa ba tabarau. Ashe akwai rami a wurin. Ya yi 'yan fafur-fafur har ya cimma robar ya kama gefenta. Daga yadda yake dukan ruwa na gane bai iya iyo sosai ba.

Yaya ya tura Anti Josna jikina ya faɗa. Iyonsa na nan yadda na san shi, hannu na shiga ruwa ba fantsama. Na ce a raina shi ke nan, an gama. Amma bayan wurin da ya lafa ɗin nan, can inda ruwan ke haɗuwa da manyan igiyoyi, abin ya canja. Sai mu hango su, sai tudun ruwa ya rufe su. Na ga baƙar robar. Na ga kan Yaya, nesa da ita ta hagu. Na ga ya juyo yana neman dawowa, yana iyo da duk ƙarfinsa, amma yana nan wuri ɗaya. Bayan haka ban ƙara bambance kai da kumfa ba.

Mutane na ta ihu, usur na tashi ta ko'ina. Wani yaro mai babur ɗin ruwa, irin masu ɗaukar 'yan yawon buɗe ido, ya ɗauki mai ceto ɗaya suka shiga. Sau biyu igiya na maido su. A na uku suka wuce. Da suka dawo Tuli na tsakaninsu, ta ƙanƙame mai ceton, idonta a buɗe, ba ta kuka. Suka ajiye ta suka koma. Suka daɗe suna zagaye, wani babur ɗin ya bi su, sannan wani kwale-kwale mai inji. Robar kaɗai suka dawo da ita.

Umma ba ta ga komai ba, laimomi sun tare ta. Da na iso wurinta riƙe da Tuli, ta dube mu ta dubi bayanmu.

"Ina Babana?" Haka take kiran Yaya.

"Ana nemansa, Umma."

Ta sunkuya ta ɗauko takalmansa daga cikin tarin, ta kakkaɓe yashin, ta ɗora a cinya.

Abin da ban taɓa zato ba shi ne bakin tekun bai watse ba. An yi sanarwa da lasifika, 'yan sanda suka kori mutane daga ruwa, suka rubuta sunayenmu. Kafin la'asar an koma. Muna zaune a gindin rumfar 'yan sanda, mai gugguru na wucewa yana talla, dawakan haya na kai yara suna dawowa, wasu samari na buga ƙwallo. Wani mai hoto ya nufo mu da kyamara, abokinsa ya ja shi gefe ya raɗa masa magana. Anti Josna ta yi kuka har muryarta ta dushe. Mitali kuwa ta ƙi zama. Tana tsaye a inda ruwa ke taɓa ƙafa, rigarta ta bushe a jikinta. Na kai mata ruwan sha.

"Anti," ta ce, ba ta kalle ni ba, "ba ya gani in ba tabarau. Ko ya fito wani wuri ba zai gane hanya ba."

Na ce haka ne. Me zan ce?

Washegari surukinta ya iso, mahaifin Protik, Baba Horipodo. Gajeren tsoho ne mai farin gashi, hannayensa duk tabon ƙunar tukunyar alawa. Shi kaɗai ya zo da wani ƙanin matarsa, don an ɓoye wa uwar, an ce mata Protik na asibiti. Na yi ta fargabar haɗuwarmu. Na shirya jin kowace irin magana, don ko ya zage mu bai yi laifi ba. Amma da aka nuna masa mu, sai ya haɗa hannuwa ya gaida Umma, ya ce, "Hajiya, naki ma yana ciki?" Umma ta gyaɗa kai. Ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin. Tun daga nan kullum tare muke fita da safe, tare muke dawowa. In ƙanin matarsa ya sayo shayi, da namu yake sayowa.

Masu ceto sun faɗa mana gaskiya tun farko. Sun ce yanzu ba rai ake nema ba, kuma teku kan dawo da abin da ya ɗauka in ya ga dama, wani lokaci kusa, wani lokaci can nesa inda babu kowa. Sai addu'armu ta sauya ba tare da wani ya faɗa ba. Da muna roƙon a gan su da rai, yanzu muna roƙon a gan su kawai.

Ana cikin haka wata safiya ɗan sanda ya zo masauki ya ce masunta sun tsinci gawar namiji a arewa, wajen ƙauyen da ake shanya kifi, an kai ta asibitin gari. Ya ce a zo daga gida biyun, don fuskar ba ta ganuwa.

Ni da Baba Horipodo muka shiga keke ɗaya. Anti Josna ba za ta iya ba, Mitali kuma tsohon ya hana ta. Duk hanya ina kallonsa, na san abin da yake roƙo, shi ma ya san nawa. Gawa ɗaya ce. Duk wanda aka ba, an hana ɗayan.

Warin ya tare mu tun daga baranda. Ma'aikacin ɗakin gawa ya ba mu ƙyalle mu toshe hanci. Abin da ke kan teburin ya kumbura har ba a sanin dogo ne ko gajere, siriri ko mai jiki. Ruwa ya tuɓe masa komai. Na dubi inda fuska take na kau da kai. Tsohon ya matsa kusa, yana duba hannu, yana duba ƙafa, yana cewa a hankali, "Yana da tabo a gwiwa, tun yana yaro." Amma fatar ba ta riƙe tabo ba.

Ma'aikacin ya tambayi sunayen mutum biyun. Da ya ji, ya ce in juya baya. Na ji ya ɗaga zanen ya mayar.

"Yana da kaciya, Musulmi ne," ya ce, don Hindu ba sa yi.

Baba Horipodo ya ce, "To." Ya sake cewa, "To." Sannan ya juyo gare ni. "'Yata, kin samu ɗan'uwanki. Je ki faɗa wa mahaifiyarki." Muka fito tare. A bakin ƙofar asibiti ya zauna a kan dakalin kwata, na tsaya a kansa ina tare masa rana da gyalena har ya samu ƙarfin tashi.

Aka yi takardu, aka samo motar gawa mai sanyi. Muna haɗa kaya da rana sai ga tsohon a ƙofar ɗakinmu, Mitali na bayansa. Ya ce in ba damuwa yana so ya ga yarinyar.

Tun ranar da abin ya faru Tuli ba ta yi magana mai tsawo ba. Ko an tambaye ta sai ta ɗaga kafaɗa. Anti Josna ta rungume ta kamar za a ƙwace, amma Umma ta ce, "Sake ta. Yana da hakki."

Ya durƙusa a gabanta da ƙyar. "Yaya sunanki?"

"Tuli."

"Aji nawa kike?"

"Huɗu."

"Madalla. Tuli, ke ce ta ƙarshe da ta ga ɗana. Ba faɗa zan yi miki ba. So nake in ji ko ya ce wani abu."

Ta dubi uwarta, ta dube ni. Sannan ta yi magana, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce da ya kama robar sai ɓangarensa ya riƙa nutsewa, ruwa na shiga mata hanci. In igiya ta zo sai robar ta nemi kifewa. Ta ce ya yi ta cewa kar ta ji tsoro, ga Abbanta nan zuwa. Ya sa ta zura hannu biyu ta rungume robar, ya tambaye ta ko ta riƙe da kyau. Ta ce e. Ya sake tambaya, ta sake cewa e.

"Sai me?" in ji tsohon.

"Sai ya saki."

Mitali ta juya ta fita, muna jin awarwaronta har ta shige ɗakinsu. Baba Horipodo ya daɗe a durƙushe. Ya ɗora hannu a kan Tuli, ya ce wa Anti Josna, "Ba ta cin abinci, ga wuyanta nan. Ku riƙa matsa mata." Ya dafa bango ya miƙe.

Da motarmu ta hau titin da ke bin gaɓa, na hango su a wurin da muka saba zama, shi a kan benci, ita a tsaye. Ruwan cike yake da mutane.

Mun binne Yaya Mokhles a maƙabartar da ke kan tudu, inda kogi bai kai ba tukuna. Jama'a ta taru sosai. Kowa ya zo gaisuwa sai ya ce abin mamaki, mutumin da ya fi kowa iya ruwa. Anti Josna ta gaji da jin wannan har ta daina fitowa. Ta ɗauki laifin ta ɗora wa kanta, wai da ba ta faɗi ba da bai saki robar ba, kuma babu irin maganar da ba mu yi mata ba. Bayan ta gama takaba ta koma gidan iyayenta a Pabna da Tuli. Suna zuwa mana lokacin hutu.

Su Baba Horipodo sun zauna a Cox's Bazar har damina ta kusa ƙarewa. Sau biyu ana kiransu asibiti, duk ba shi ba ne. Daga baya ya koma ya faɗa wa matarsa gaskiya. Ina kiran Mitali lokaci-lokaci. Ta ce dangi sun rabu biyu a kanta: wasu na cewa a yi masa abin da ake yi wa mamaci ta goge jan garin ta cire awarwaro, wasu na cewa ba a yi wa wanda ba a ga gawarsa ba sai an jira shekaru. Ita kuwa ba a tambaye ta ba. Tana nan gidan surukanta tana taya su naɗe alawa. A kiranmu na ƙarshe ta tambaye ni ko Tuli ta ci jarrabawa, na ce ta ci, ta zo ta uku. Ta ce a gaishe ta.

Umma ta rayu shekara biyu bayan haka. In ta idar da salla takan jero sunayen mamatanmu tana yi musu addu'a da ƙarfi, tun daga kakanni. Ta ƙara sunan Yaya, daga shi sai na Protik. Wata maƙwabciyarmu ta ji, ta ce mata ya kamata ta tambayi liman ko hakan ya halatta. Umma ta ce za ta tambaya. Har ta rasu ba ta je ba.